Ragon Bakancen Gogo

Alsawra, Omdurman,
Farkon watan Rajab.

Zuwa ga Mai Girma, Mai Alfarma, Sarkin Maƙeran Alshajara da kewayenta, Limamin masu walda na gaɓar Farin Nilu, Majinginar motocin da masu su suka yanke ƙauna, wanda ya shiga Libiya da buri bakwai ya fito da akwati ɗaya, taubashina kuma bawana na gado, Ishaku ɗan Sittana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda motar Jibirin direba ba za ta iya kwashewa a sawu ɗaya ba, ina tambayar lafiyarka da ta maigidanka na gareji, da ta guduma da sauran ma'aikata. Yaya zafi, yaya gajiya, yaya haƙuri da dafaffen waken ful safe da yamma? Mu nan sai godiyar Allah. Baba yana sa maka albarka. Mahaifiyarka, Gwaggo Sittana, ta ce in gaya maka ka rame. Kakarmu Gogo kuwa, ƙafafunta suna nan a kumbure yadda ka bar su.

Da so samu ne, da ƙafata zan zo. Sai dai ka san halin gadar da ke tsakaninmu a 'yan kwanakin nan. Sojoji na tsayar da motoci suna sauke duk saurayin da ba shi da katin hidimar ƙasa, ni kuwa katina na ɗalibta ya riga mu gidan gaskiya tun bara. Saboda haka alƙalami ne zai ƙetare ruwa a madadina.

Ranar da ka zo gaisuwar dawowa, ka tambayi dalilin ɗaure rago a tsakar gidanmu, ba Sallah ba, ba suna ba. Kowa ya kalli sama. A matsayina na marubucin tarihin wannan gida mai albarka, muƙamin da ni na naɗa kaina, wajibi ne in warware maka, ko da yake ni ma ban gama warware wa kaina ba.

Kana Libiya wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta zo daga Ingila, za ta yi wasa a babban dandalin nan na bakin kogi. Baba aka ɗauka ya ƙera musu karagar mulki da ƙofar fada da katako, aka kuma ba shi kujeru ya kawo iyalinsa. Ƙaramin cikin 'yan wasan, wani siririn saurayi mai suna Edwin Feribi, shi ne ya fito a yarima. Gogo ba ta fahimci kalma ko ɗaya ba, amma ta ga kambi a kansa, ta ga masu furfura suna durƙusa masa. Baba ya raɗa mata cewa kambin gwangwanin man girki ne, shi da kansa ya yanka shi, ta ce ya yi mata shiru, hassada ba kyau.

Ana gama wasanni zazzaɓin cizon sauro ya kayar da yarima. Abokan wasansa suna da jirgin da za su bi zuwa wata ƙasa, suka bar shi da alkawarin zai biyo baya. Baba ya ga yaro kwance shi kaɗai a masauki, ya ɗauko shi ya kawo gida. Gogo ta shimfiɗa masa angarib, gadon nan na igiya, a ƙarƙashin dalbejiya, ta dinga ɗura masa ruwan bagaruwa da kunu har ya fara gane gabas. Ta ce sunansa ba ya hawa harshenta, ta raɗa masa Jafaru, sunan ƙanenta da ya rasu a gonakin auduga na Jazira. Da mutumin kwamitin unguwa ya zo tambayar ko wane ne baƙon da muka ɓoye, ta ce masa ɗanta ne, rana ce ba ta taɓa shi sosai ba.

Ni ne tafinta, da Turancin sakandare mai ƙafa ɗaya. Ta bakina Gogo ta ji cewa yarimanta, idan babu wasa, kwanuka yake wankewa a gidan abinci a Landan, kuma a kan kujerar abokinsa yake kwana. Ta sa na maimaita. Ta dubi takalminsa da ya yage har ya buɗe baki. Ranar da zai tafi ta tsaya a bakin ƙofa, gaban Baba da mahaifiyarka da maƙwabta, ta ɗaga hannu ta yi bakance, cewa idan Allah ya ɗaukaka yaron nan tana raye, ragon karama, wato na sadaka, yana wuyanta, za ta yanka don godiya ta raba wa unguwa.

Daga nan shiru ya biyo baya, na shekaru. Sai bara Amjad, mai gidan kallon bidiyo na ƙarshen layinmu, ya kira ni in duba wata fuska. Jafaru ne, ya Ishaku, a cikin fim na gaske! Ban tsaya ganin abin da yake yi ba, na ruga gida ina shelar cewa Jafaru ya shiga silima, duniya duka tana kallonsa. A ranar Gogo ta aika saƙo can Jazira a turo mata rago.

Rago ya iso, aka wasa wuƙa, sai mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata basira, ta tambaya a wane sarki Jafaru ya fito a wannan karo. Na koma na kalli kaset ɗin daga farko har ƙarshe. Mai tsaron ƙofar otal ne. Ya buɗe ƙofa, ya karɓi jaka, ya rusuna wa wani mai tumbi, ba a sake ganinsa ba. Gwaggo ta ce daga karaga zuwa bakin ƙofa, idan wannan ne ɗaukaka to Allah ya tsare ta da ita. Na yi bayani cewa a dandali 'yan ɗaruruwa ne suka gan shi, a fim kuwa ƙasashe ne. Ta ce wato yanzu ƙasashe ne suka shaida yana ɗaukar jaka. Gogo ta ce a mayar da wuƙa.

Aka kai magana gaban Malam Lawal, limaminmu. Ya ce bakance a kan sharaɗinsa yake. In an yanka kafin ɗaukaka ta tabbata, an yi sadaka, amma bakance yana nan a wuya. In kuwa ta tabbata aka ƙi yankawa, an ɗauki nauyi. Layya ma ba ta halatta da shi, tunda an riga an ambata masa wani aiki. Na roƙe shi ya zo ya duba kaset ɗin ya yanke hukunci, ya ce shi ba ya kallon fim, amma yana jiran shaida adali.

Shaidar da ta biyo baya ta ƙara dagula lissafi. A fim na biyu Jafaru ɓarawo ne a jirgin ƙasa, yana magana mai tsawo, har ana nuna fuskarsa ita kaɗai. Ni a ganina ci gaba ne. A ganin Gwaggo, mai tsaron ƙofa ko ba komai halal yake ci.

To ka ji tarihin ragon. Ni nake yanko masa ciyawa, ni nake share masa wuri, ya cinye mini hannun riga ɗaya na yafe masa. Abin da ba na iya mayarwa wasa shi ne, kullum da safe idan na kai wa Gogo shayi sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni, ya ɗaukaka ko bai ɗaukaka ba. Ta ce ba ta so ta kwanta a kabari da alkawarin Allah a wuyanta, ba ta kuma so ta yi wa Allah ƙarya da wuƙa. Ni da nake da kalmomi fiye da buƙatar unguwa, a nan sai in rasa ko ɗaya.

Ka gaida duk wanda ya tambaye ni, ban da masu kaki.

Ubangidanka mai tausayin bayinsa,
Salahuddin Idirisu.

Alsawra,
Tsakiyar Sha'aban.

Zuwa ga Babban Alƙalin Alƙalan Alshajara, mai yanke shari'ar shekara guda da kalma huɗu, Ishaku.

Bayan sallama da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka, kuma yatsan da Jibirin ya ce guduma ta sumbata ya warke. Gida lafiya, sai dai hayaƙi. Matan layinmu sun fara tuƙa abre, ƙullin nan na abin shan buɗe-baki na azumi, ko'ina ƙamshi ne da tari.

Fatawarka mai daraja ta iso ta bakin Jibirin, cewa a yanka a huta. Na isar wa Gogo. Ta ce a gaya maka alkawarin Allah ba tayar mota ba ne da za a yi masa faci.

Yanzu ga sabon al'amari, ka zauna da kyau. Kaset na uku ya zo. A bangonsa babu kowa sai Jafaru, fuskarsa ta cika kwalin, sunansa a sama da manyan baƙaƙe. Na ce alhamdu lillahi, rago ya shirya wasiyya. Na zauna na kalla. Ɗan kurkuku ne. An aske masa kai, yana sanye da tsumma, gandirobobi suna dukansa tun daga farko, kuma iyakar abin da na fahimta bai aikata komai ba.

Amjad, wanda ya ga fina-finai fiye da yadda ya ga masallaci, ya ce a wannan sana'a wanda aka fi duka shi ne babba, sauran duk don su dake shi aka ɗauke su aiki. Na kawo wannan ilimi gida. Baba ya ce shi dai a saninsa wanda aka ƙera wa kujera shi ne babba, ya kuma so ya san ko kurkukun na katako ne. Mahaifiyarka ba ta tsaya jin ƙarshe ba, ta dafa wake da gero ta raba wa yara sadaka don Allah ya fito da Jafaru. Na ce mata ba a tsare yake ba, aikinsa ne. Ta ce kowa ma da aka tsare a garin nan haka danginsa suke cewa, ya yi tafiyar aiki.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, Amjad yana datse duk wurin da yake tsoron zai sa a rufe masa gida. Akwai wata mace da ke zuwa bakin kurkukun, da ta matso sai hoto ya yi tsalle, a gan ta tana tafiya. Ban sani ba ko matarsa ce, ko ƙanwarsa, ko mai kawo abinci. Na bayyana wa mutanen gida bambancin mutum da rawar da yake takawa har sau nawa ban sani ba, kuma duk bayanin da na yi sai in ji ni kaina na rage yarda da shi. Idan ya ɗaukaka, me ya sa duk sanda muka gan shi halinsa ya fi na baya muni? Idan kuwa bai ɗaukaka ba, wa ya ba shi bangon kaset shi kaɗai?

Ishaku, bari in ajiye rawanin wasa na ɗan lokaci. Shekaranjiya numfashin Gogo ya yi sama, muka kai ta asibiti a motar Jibirin. Sun so su riƙe ta, ta ƙi. Da muka dawo ba gado ta nufa ba, wurin ragon ta sa aka kai ta, ta dafa bayansa ta daɗe. Ta ce ta gaji da shaidar bakina, da idonta za ta gani kafin azumi, ko da idon ya yi hazo. Amjad ya yarda ya ara mana na'ura da talbijin ranar da wuta ta zo layinmu da rana. Ina tsoron abin da za ta gani. In ta ga ana dukansa ta yanke cewa Allah bai karɓi roƙonta ba, ban san da wace kalma zan tare ta ba.

Ka sa mu a addu'a, in kana yi.

Naka, cikin ruɗani mai daraja ta ɗaya,
Salahuddin.

Alsawra,
Ƙarshen Sha'aban.

Zuwa ga Hasken Idon Dangi, Babban Jikan Gogo wanda babu irinsa tsakanin koguna biyu, Jarumin da ƙarfe ke gani ya lanƙwashe, Zakin Alshajara, yayana abin alfaharina, Ishaku.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, ina tambayar lafiyarka, da ta barcinka, da ta cin abincinka, da ta hannunka na dama musamman. Kada yawan ladabin nan ya tsorata ka. Na yi nazari ne na gane ban taɓa ba ka girman da ya dace da kai ba. Mutanen gida suna gaishe ka, Gogo kuma ta sha kunu da kanta yau.

An yi kallo. Wuta ta zo da hantsi, Amjad ya turo kayansa a baro an lulluɓe da zanen gado kamar maras lafiya. Muka kafa talbijin a rumfar Gogo, muka rataya barguna don tare rana. Mun yi niyyar abin ya tsaya a cikin gida, amma kafin a haɗa waya matan layi sun bar tukwanen abre sun cika tsakar gida. Mutumin kwamiti ya zo tambayar wa ya ba da izinin taro, aka matsa masa a kan tabarma, bai sake tambaya ba. Malam Lawal ya zauna a zaure ya juya mana baya, yana jan carbi, yana aiko tambaya lokaci-lokaci ko yanzu me ake ciki.

Gogo aka sa wa kujera dab da gilashin, hancinta ya kusa taɓa shi. Da fuskar Jafaru ta fito ta kira sunansa sau ɗaya, a hankali. Da aka fara dukan, mahaifiyarka ta ja gyale ta rufe fuska tana Allah ya isa, wata maƙwabciya ta tashi ta fita, don nata ɗan an ɗauke shi tun bara ba labari. Ni ina fassara abin da na ji, ina ƙirƙiro abin da ban ji ba. Gogo ba ta motsa ba.

Can aka zo wurin da aka gurfanar da shi gaban masu shari'a. Ya tsaya cikin tsummansa, bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba, leɓɓansa kawai ke motsi. Mutanen cikin fim suka yi tsit. Mu ma muka yi tsit, har ina jin ragon yana tuƙa a bayan rumfa. Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Har yau ba wanda ya san ko an sake shi ko an rataye shi, ni ma da na kalla a baya ban sani ba, don ƙarshen yana cikin abin da almakashin Amjad ya ci.

Tsakar gida ta kaure da gardama, sai Gogo ta buga sandarta. Ta ce lokacin da yake yarima a dandali, da ihu yake magana, jijiyar wuyansa a tashe, yana watsa hannuwa don na kujerar baya su kula shi. Ko a gidan nan da ya warke, in yana bitar wasansa sai jakin mai ruwa ya amsa masa. Yau kuwa ga shi a tsumma yana raɗa, manya da ƙanana sun riƙe numfashi don kada kalma ta wuce su. Ta ce ita ba ta san silima ba, amma ta yi shekaru tana wa masu gona aiki, kuma ba ta taɓa ganin mai gona yana ihu don a saurare shi ba. Allah ya ɗaukaka Jafaru, a wasa wuƙa.

Aka kai wa Malam Lawal. Ya ce mai bakance ita ta san abin da ta nufa ranar da ta ɗaga hannu, tunda zuciyarta ta natsu, sharaɗi ya cika. Gwaggo ta ce ita dai har yanzu a kurkuku ta bar shi, amma ba ta gaba da nama.

Ni kuwa ga inda na tsaya. Talbijin ɗin Amjad lasifikarsa ta daɗe da lalacewa, kowa a cikinta raɗa yake yi, har masu harbin bindiga. Ban sani ba ko Jafaru ya sassauta murya ne don ya ƙware, ko na'ura ce ta shaƙe shi. Na buɗe baki zan faɗa, na ga Gogo ta jingina da bango tana murmushi, numfashinta yana sauka daidai a karo na farko cikin watanni. Na rufe bakina. Wataƙila ta yi gaskiya, domin masu shari'ar ma ai da tsawa suka fara, na ga bakinsu a wage. Wataƙila kuma ni ne na so in ga hakan. Na bar wa Allah, shi da aka yi wa alkawarin.

An sa ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, kafin a ga wata. Gogo ta ce kowa ya zo, kai ma ka rufe gareji.

Yanzu, ya Zakin Alshajara, na iso ga ɗan ƙaramin batun da ya sa na ɓata wannan takarda duka. Gogo ta ce tunda ta bakina aka fara maganar, da hannuna za a ƙare ta, ni zan yanka. Ni kuwa ko kaza ban taɓa yankawa ba, kuma ragon nan, bawan Allah, in ya ji takuna kuka yake, ya sa kansa a cinyata. Ba zan iya gaya wa Gogo ba, yanzu da ta samu sauƙi. Don haka ina roƙonka ka iso da wuri, ka shigo da fushi, ka ce an raina ka, ina aka taɓa ganin ƙarami ya riƙe wuƙa babban jika yana tsaye. Ka ɗaga murya sosai. Ni zan yi gardama kaɗan don mutuncina, sannan in sallama cikin ɓacin rai in tafi sayo lemun tsami, ba zan dawo ba sai an feɗe.

Kuma idan ka zo rabo, don girman zumunci, ka ɓoye mini hantar kafin mahaifiyarka ta gan ta.

Ƙanenka mai biyayya har zuwa yammacin Juma'a,
Salahuddin Idirisu.